Yashi a Cikin Soso

Shekara ashirin da biyu Yaya yana goge motoci da inji, ni kuma tara a gefensa. Doka ɗaya ya kafa mini tun ranar farko: soso ba ya komawa kan inji sai an wanke shi a bokiti, an kankare busasshen mai da buroshi, an matse, sannan an bi shi da yatsu a hankali. Ido ba ya ganin ƙwayar yashi a cikin soso, in ji shi, yatsa ne ke jin ta. Na sha ranƙwashi a kan wannan har na gode Allah.

Shi ya sa da aka fito da baƙar motar likita cikin rana, ƙofarta duk zane kamar an ja ta cikin ƙaya, ni kowa ya kalla. Mai wurin ya wanke ni tas, ya ce in aka sake ko sau ɗaya, wanda ya yi ya kama gabansa. Na haɗiye. Ban taɓa ƙofar nan ba, Yaya ne ya goge ta, kuma shi ya wanke sosonsa. Yana gefe yana ta murza hannuwa.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Kofin shayin da ya suɓuce masa. Maɓallin riga da matarsa ke saka masa yanzu, har muna tsokanarsa wai amarci ya dawo. Injin nan karkarwa yake a hannu tun safe har yamma, kuma na taɓa jin yakan kashe yatsu.

Washegari na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na wanke soso fes, na ɗebo yashi a bakin magudana na cusa a tsakiyarsa. Na miƙa masa, na ce ya duba mini, tun jiya na daina yarda da hannuna.

Ya karɓa da murmushi, wai ashe tsoho bai ƙare ba. Ya shafa daga gefe zuwa tsakiya yadda ya koya mini, har sau biyu. Daga inda nake tsaye ina jin ƙaras-ƙaras ɗin yashin. Tausayinsa ya kama ni. 'Ya'yansa huɗu, kuma bai iya wata sana'a ba.

"Tsaf yake," ya ce. "Ɗora."

Na kasa karɓa. Ya dubi fuskata, ya dubi soson, sannan ya kai shi kumatu ya goga. Ya daɗe a haka.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun bara." Ya tsoma soson a bokiti, ya bar hannunsa a ciki. "In mai wurin ya ji, tawa ta ƙare."

Na ce ba zai ji daga bakina ba, kuma daga yau ni zan riƙa wanke sosonsa. Ya gyaɗa kai. Tafasasshen ruwa na juye a bokitin ɗazu, ban ko sirka ba, yana ta tururi. Ni ne na cire masa hannun.