Sunan da Ya Cike Arba'in

Shekara goma sha ɗaya Malam Othniel yana karanta sanarwa a majami'arsu da ke Samaru, ba a taɓa kama shi da kuskuren suna ko na kwanan wata ba. Tsohon hedimasta ne, irin waɗanda ko katin biki aka miƙa musu sai sun gyara waƙafi kafin su karanta. In ya fito gaba ya gyara zaman tabarau ya ce, "Jama'ar Ubangiji, a kasa kunne," har 'yan kwaya, mawaƙan coci, masu gulma a baya sukan yi tsit. Duk abin da ya fito daga bakin Baba Sakatare, kamar yadda ake kiransa, to ya zauna daram. Wannan yardar ita ce kaɗai dukiyarsa, don fanshonsa sai ta ga dama take zuwa.

Shekara biyu da suka wuce gwamnati ta fito da wani shiri na sama wa matasa aiki. Duk kamfanin da ya ɗauki matasa, ita za ta biya albashinsu na shekara uku, amma ta hannun kamfanin. Shugaban kwamitin da ya tsara shirin wani attajiri ne da kowa ke kira Ciyaman, abokin cin tuwon manya, mai kamfanin sarrafa tumatir. Shi ya zauna ya rubuta sharuɗɗan, sai kuma aka yi sa'a, ikon Allah, kamfaninsa ne ya cika su tsaf, aka ba shi gurbin mutum ɗari shida. Kamfanin kuwa kowa na ganinsa a hanyar Sakkwato: katanga ce doguwa, da ƙofar ƙarfe, da allo mai hoton jan tumatir. Abin da ke ciki ciyawa ce da awakin maƙwabta.

Manajan kamfanin, Mista Akinola, haifaffen Sabon Gari ne, kuma Othniel ya koyar da shi a aji biyar. Ya zo har gida da katan na lemo, ya durƙusa ya gaishe da malaminsa.

"Malam, mutum arba'in na ware wa cocinku. Suna da kwafin katin ɗan ƙasa kawai muke so. Shi kuma Martins ba ya cikin arba'in ɗin. A ofis zai zauna tare da ni, ranar Litinin ya fara."

Martins shi ne ɗan Othniel tilo. Yana da digiri, amma shekararsa shida yana sayar da cajar waya a bakin ƙofar jami'ar da ta ba shi digirin.

"Sauran fa, yaushe za su fara?" in ji Othniel.

"Da zarar injina sun iso, Malam. Suna kan ruwa."

Mutumin da yakan gane wasiƙar ƙarya ta ɗalibi tun daga ninkin takardar, a ce bai ji warin wannan magana ba? Ya ji sarai. Toshe hanci ya yi, ya sa aka kawo wa baƙo ruwa.

Ranar Lahadi ya karanta sanarwar da muryar nan tasa, kafin Talata da yamma sunaye arba'in sun cika. Ranar Laraba sai ga Sebastian daga Bomo a kan keke, yana haki. Manomi ne, ya haura talatin, shi ke kaɗa ganga lokacin sujada a majami'a. Yana can yana zuba wa masara taki bai sami shigowa da wuri ba. Ya miƙa takardarsa, kwafin katin ɗan ƙasa, da shatin babban yatsansa na jar ƙasa a gefenta.

"Ka makara, ɗana. An cika."

"To Baba, ka riƙe ta a wurinka. In wata dama ta fito, kai za ka fara ji."

Othniel ya ninke takardar ya sa a aljihun ciki na jakarsa ta fata, a nan ta zauna.

Injina dai suna kan ruwa. Damina ta wuce, wata ta zo, suna kan ruwa. Matasa suka yi ta tambaya har suka gaji suka bari, don ba wanda zai iya ɗaga wa Baba Sakatare murya. Martins kuwa ya yi ƙiba, ya auri Stephanie, ga ta da ciki. Sau ɗaya tak ya taɓa maganar, suna cin abinci. Ya ce, "Baba, kowane wata ana fitar da albashin mutum arba'in ɗin nan. Ni nake buga takardar." Othniel bai ɗago kai daga kwano ba, ya ce, "Ci abincinka zai huce." Tun daga ranar ba su sake haɗa ido da kyau ba.

Wata Talata da safe Mama Susanna ta yi sallama, 'yarta Hephzibah na biye da ita. Susanna waina take soyawa a kasuwar Samaru, da kaskon nan ta biya wa yarinyar makarantar horar da malamai bayan rasuwar mijinta. Ba ta ma zauna ba.

"Baba Sakatare, Hephzibah ta ci jarrabawar ɗaukar malamai. Cikin mutum dubu da wani abu ta fito. Jiya ta je tantancewa, suka sa lambarta a kwamfuta, wai tana da aiki. Wai shekararta biyu tana aiki a kamfanin tumatir! Baba, wane tumatir? Wanda nake yankawa a miya?"

Hephzibah ta yi magana a hankali, kanta a ƙasa. "Sun ce dokar shirin ce, Baba. Wanda sunansa ke ciki ba zai sami aikin gwamnati ba. Sai na kawo takardar sallama daga kamfanin kafin Juma'a, in ba haka ba, za a ba wani gurbina. Na je ofishinsu, mai gadi ya hana ni hawa."

Ba wadda ta zarge shi a cikinsu, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Sun zo ne kamar yadda ake zuwa wurin uba. Kunya ta rufe shi. Ya ɗauki jaka ya ce su koma gida, zai je da kansa.

A cikin motar Sabon Gari ya tsara maganarsa tsaf. Zai ce wa Akinola ya cire dukan arba'in ɗin. In ya ƙi, zai tafi wurin masu tantancewa ya faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, abin da zai faru ya faru. Har ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Da motar ta wuce Kwangila ya tuna da cikin Stephanie, sai maganar ta fara raguwa, kafin ya sauka a kasuwa ta koma rabi.

Ofishin yana saman wani shagon kayan mota. Ɗaki ɗaya ne mai sanyi, da hoton Ciyaman yana gaisawa da manya, da tebur biyu. Martins na zaune a ɗaya gaban kwamfuta. Da ya ga ubansa ya miƙe ya gaishe shi, ya koma ya kafa wa allon ido.

Akinola ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki.

"Malam, wannan ƙaramin abu ne. Yau ɗin nan za ta karɓi takardarta. Sai dai ka ba ni wani suna a madadinta."

"Wani suna kuma?"

"Arba'in aka rubuta wa cocinku, arba'in dole a gani. In ya koma talatin da tara, kwamfutar gwamnati za ta ɗaga tuta, a turo masu bincike. Su kuma ba Ciyaman za su taɓa ba, Malam, tare suke shan shayi. Wanda ya buga takardu za su nema." Bai dubi Martins ba, bai kuma buƙaci ya dube shi ba. "Da wanda ya tara sunayen."

"Akinola, yaran mutane ne fa. An yi wa mai dami ɗaya sata."

"Me aka ɗauka musu? Da can ba su da aiki, yanzu ma ba su da shi. Shekara ɗaya ta rage shirin ya ƙare, kowa ya huta. Ka nemo wanda ba ruwansa da aikin gwamnati, ɗan kasuwa ko manomi, wanda har abada ba zai je a sa lambarsa a kwamfuta ba. Wa aka cuta?"

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Othniel ya sha faɗa wa yara wannan karin magana a aji, bai taɓa zaton shi za ta kama da aska a hannu ba. Jakar na kan cinyarsa. Bai yi niyyar tunawa ba, amma hannunsa ya riga shi sanin inda takardar take. Sebastian manomi ne, ya gaya wa kansa. Yana da gonarsa, yana da gangarsa. Me zai kai shi layin neman aiki? Shekara ɗaya ce kawai. Ga yarinya marainiya za ta tsira, ga jikansa na hanya. Dalilai suka yi ta zuwa masa a jere, kowanne da kyan gani, shi kuwa ya san ko ɗaya ba zai iya karantawa a gaban jama'a ba.

Ya zuge aljihun ciki ya ciro takardar. Ta yi laushi saboda daɗewa, amma shatin yatsan na nan.

Akinola ya karɓa ya miƙa wa Martins. Martins ya karanta sunan, yatsunsa suka tsaya a kan maɓallan. Tare da Sebastian aka yi musu baftisma a rana ɗaya. Ya ɗago ya dubi ubansa, karo na farko cikin watanni, yana jira a ce masa bari. Othniel ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Da ya mayar da su, an riga an buga.

Ranar Juma'a Hephzibah ta wuce tantancewa. Bayan mako uku takardar ɗaukarta ta fito, aka tura ta wata firamare a nan kusa.

Lahadin godiya majami'a ta cika har waje. Matan zumunta suka rako Susanna gaba da rawa, tana ɗauke da baiko, kyautar godiya ga majami'a, a kai, hawaye na zuba. Sebastian ne ke kan ganga, yana kaɗawa har gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da aka ba Susanna makirufo ta gode wa Ubangiji, sannan ta juya.

"Bayan Allah, sai Baba Sakatare. Tsohon nan da ƙafarsa ya taka har Sabon Gari saboda 'yar marainiya. Allah ya saka maka, Baba, ya yi wa naka yadda ka yi wa namu!"

Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Othniel ya ji amin ɗin nan ta sauka masa kamar dutse. Ya yi murmushi, don duk idanu na kansa.

Lokacin sanarwa ya yi. Rabaran ya miƙo masa wata takarda da ta iso da safe, bai sami dubawa ba. Ya gyara tabarau, ya ce a kasa kunne, ya karanta. Gwamnati za ta ɗauki malaman gona. Ana neman masu takardar makarantar aikin gona, waɗanda ba su wuce shekara talatin da biyar ba. Za a rufe ƙarshen wata. A layin ƙarshe, a karon farko cikin shekara goma sha ɗaya, harshensa ya sarƙe, sai da ya maimaita: ban da wanda sunansa ke cikin wani shirin gwamnati.

Bayan an tashi ya so ya sulale ta ƙofar baya, amma Sebastian ya riga shi. Yana tsaye da kekensa, an ɗaure buhun sabuwar masara a baya.

"Baba, ga ɗan abin gasawa, na farkon gonata ne." Ya sauke buhun, yana ta murmushi. "Ka ji sanarwar da ka karanta? Kamar da ni aka yi ta. Ina da takardar makarantar aikin gona fa, shekara tara tana ƙasan akwati. Na fid da rai ne, na ce aikin gwamnati sai mai uwa a gindin murhu. Amma da na ga na Hephzibah, sai na ji zuciyata ta tashi. Watan Maris zan cika talatin da biyar, ka ga wannan ce ta ƙarshe."

"Ba ka taɓa faɗa mini kana da takarda ba," in ji Othniel.

"Ba ka tambaya ba ne, Baba." Ya yi dariya. "Kuma ka ga ikon Allah, makarar da na yi waccan shekarar ashe alheri ce. Da ina cikin arba'in ɗin nan, da yanzu ni ma ina wahalar da kai zuwa Sabon Gari. Af, kwafin katina da na ba ka ajiya, yana nan ko? Asalin ya jiƙe a damina, lambar ma ba ta karantuwa."

Othniel ya ɗora jakar a kan sirdin keken ya buɗe. Ya fito da littafin waƙoƙi, ya fito da rajistar ikilisiya, ya zuge aljihun ciki ya sa hannu yana lalubawa, ya daɗe yana laluben wurin da ya san babu komai. Can gefe ya hango Martins tsaye da Stephanie, yana kallonsa. Gaskiyar ta taso masa har maƙogwaro. Kalma biyar ko shida ce kawai, shi da ya saba karanta shafi guda ba tuntuɓe.

"Tana gida," ya ce. "Zan duba maka."

"Ba gaggawa, Baba," in ji Sebastian, ya ɗaga buhun ya saɓa a kafaɗa don ya kai masa har ƙofa. "Abin da ke hannunka ai ba ya ɓata."