Ƙwallon Tatum Ta Motsa

…kuma me zai hana a ce iska ce? Oklahoma fa ake, inda iska ke cire wa mutum hula tun bai gama fitowa daga mota ba. Koci Harlan Dupree yana tsaye gefen rami na sha bakwai a filin golf, hannu a aljihu, ga Tatum, ɗan wasansa mai dogon wuya, ya fito daga cikin itatuwa jiki a sanyaye.

"Koci, ƙwallona ta motsa. Wani ɗan kara na ɗauke kusa da ita, sai ta gangara. Kaɗan dai."

Kaɗan dai! Wa ya gani? Ko tsuntsu. Amma golf ba ruwansa da kaɗan. In kai ka motsa ta, ka ƙara wa kanka bugu ɗaya na hukunci — mai ƙarancin bugu ke ci — kuma da bakinka za ka faɗa, ba mai bin ka cikin daji. In iska ce, shi ke nan, ba laifin kowa. Bugu ɗaya… Kunnen doki suke da wata jami'ar Texas, gurbi ɗaya ya rage na zuwa gasar ƙasa, yau kuma ake rufewa.

Kwanan baya sabon daraktan wasanni, ɗan yaro mai fararen haƙora, har da dafa masa kafaɗa. "Harlan, kai uba ne a jami'ar nan, amma mutane kofi suke son gani. In bana ma ba a je ba…" Bai ƙarasa ba. Ina amfanin ƙarasawa? Uba wai. Uban da ake auna ofishinsa da ido yana zaune a ciki.

Shekara talatin da ɗoriya a aikin nan, Nadine. Ke ce shaida — da kina nan. Farar motar nan mai warin safa, 'yan wasa biyar suna minshari a baya, burodi da man gyaɗa da kike naɗe musu tun asuba. Kina cewa mijinki ciyawa ya aura, ke 'yar rakiya ce. Ranar da aka kwantar da ke asibiti yana ina? Yana Kansas, yana auna wa wani yaro nisan rami… Yanzu a karɓe filin kuma, sai me? Gidan nan shiru? Kujerar nan ta gaban talabijin? Tsoro yake ji, wallahi tsoro.

Kowace shekara, ranar farko, yakan zaunar da sababbi a kan ciyawa: duk wanda ya ɓoye bugu ya ajiye jakar jami'a ya kama hanyar gidan ubansa. Tatum ma ya zauna a wurin, baki buɗe, yana haɗiye maganar kamar a coci. Yaron da ya koyi bugu a makiyayar kakansa, tsakanin shanu — shi Harlan ya tuƙa mota har can ya ɗauko shi.

"Ka tabbata ba iska ba ce, ɗana?"

Wa ya faɗi haka? Muryarsa ce. Kash! Ta riga ta fita, ba ta komowa.

Tatum ya ɗaga kai ya dubi rassan, suna kaɗawa kuwa. Ya dubi ƙasa. Ya dubi kocinsa. Can ga alƙalin wasa tafe a 'yar motarsa, a hankali, yana ɗago musu hannu.

"Ni dai… na ɗauka ni ne. Amma in ka ce iska ce, Koci, iska ce."

Ba gatse a ciki, ko ɗigo. Da ma gatsen ne, da sauƙi. Yaron da ya fito daga daji da gaskiyarsa ba ya ko shakka, yanzu ga shi bai san abin da idonsa ya gani ba, sai an faɗa masa… Motar ta tsaya. "Lafiya dai, Harlan?" in ji alƙalin. Su biyu suna jiran bakinsa, shi kuwa ya gaji, ya gaji ƙwarai, harshensa ya yi nauyi —