Ƙarfen Murhu a Ƙarƙashin Mota

"Ƙarfen murhun ubanka za ka kifa wa ƙasa? Ka haukace ne?" in ji Tsermaa, tana tsaye a kan ɗanta.

Ganzorig na kwance ƙarƙashin motar da ya haɗa da hannunsa, yana ɗaura ƙarfen don ya kare kaskon man inji.

"Inna, hanyar asibiti duwatsu ce zalla. In dutse ya fasa kaskon, mai ya tsiyaye, a daji surukarki za ta haihu."

"Gidan nan ko ƙafa ba a miƙe wa murhu, kai za ka ja shi kan kashin awaki!"

Ganzorig ya san ƙarfen ya sha wuta shekara arba'in, amma duk kwarin da suke zaune babu ƙarfe mai kaurinsa. Daga cikin tanti ya jiyo nishin matarsa. Ya kama notin ƙarshe, ya danna sifana da dukkan ƙarfinsa.

Sai ya ji ƙas, daidai saitin fuskarsa. Ya shafa ƙarfen murhun da yatsa, ya ji siririn layin tsagewa wanda ɗazu babu shi.

Tsohuwar ta sunkuyo, riƙe da ludayin madarar da ake yayyafa wa matafiya.

"Ganzorig, ƙarar me na ji?"