Lambar Malam Ahmadu

"Kar ka cire wannan filogin!" in ji Hajiya Talatu tun daga bakin ƙofa.

Faruk, direban adaidaita da ke haya a gidan Malam Ahmadu, ya janye hannunsa. "Hajiya, fanka zan jona wa Malam."

"Nemi wani soket. Wannan ba a taɓa shi."

Tun damina wayar wuta ta tsallako katanga daga solar Hajiya zuwa tsohuwar kwamfutar maƙwabcinta Malam Ahmadu, wanda ya yi ritaya daga koyar da lissafi. Kwamfutar na gwada wata lamba da Malam ya ce in aka rubuta ta a kan titi daga Gyadi-Gyadi, za a wuce Darmanawa ba a ci rabinta ba. Tambayar ɗaya ce: ban da ɗaya da ita kanta, akwai lambar da za ta raba ta ba saura? In babu, an samo irin wadda masana ke daɗewa suna nema.

Ran nan gwajin ya kusa ƙarewa, kuma duk layin ya sani. Mai shayi ya bar teburinsa ya leƙo ta taga.

"Malam, in ta ƙi rabuwa, sunan layinmu za a sa mata?"

"Sunan shayinka za a sa," Faruk ya ce. "Shi ma ba ya rabuwa da ruwa."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ba ya iya ɗago kai ya ga allon.

"Talatu, ta gama?"

"Saura ƙiris, Malam."

"In rubutun ya fito kore, ta ƙi rabuwa ke nan. Wasu za su sake gwadawa kafin a yarda, amma ke kar ki jira su. Ki yi mini guɗa."

"Guɗa? Da tsufana?"

"Ki yi alkawari."

"Na yi."

Ya rasu kafin azahar. Da la'asar aka yi masa sallah, maza suka ɗauki makara zuwa maƙabartar Tarauni. Mata suka cika tsakar gida suna jan carbi. Talatu ta koma ɗakin don naɗe katifa, sai kwamfutar ta yi ƙara. Rubutun kore ne.

Ta miƙe tsaye, har ta ɗaga hannu zuwa hanci. A bakin ƙofa Hauwa, 'yar marigayin, na zaune da jajayen idanu. Guɗa ta gidan biki ce. Ba a taɓa jin ta a gidan makoki ba, kuma ba wanda zai saurari bayani.

Talatu ta tura ƙofar a hankali. Ta ninka mayafinta, ta danne bakinta da shi, ta yi guɗar har numfashinta ya ƙare. Ba wanda ya ji a waje.

Sannan ta zauna a gefen katifar, hasken allon na kan matashin kai da har yanzu ke da shatin kan Malam.