Wanda Ya Zuba Shi Ke Fara Kurɓa

Tun daga McLeansville bakin Baba Elnathan bai rufe ba, har shi da 'yarsa Ƙauna suka shigo Irving Park, can ƙasar Turawa, unguwar da mutum zai mutu a ɗaki a kwana biyu matarsa ba ta ji labari ba, saboda girman gida. Uban Jerry, Baturen da ɗansa zai auri Ƙauna, shi ya gayyace su zaɓen giyar inabin biki. Mutumin da ya tashi a gindin tukunyar burkutu a Pankshin, ai yau ranarsa ce.

"Baba, don Allah kada ka ba ni kunya," in ji Ƙauna tana kashe mota. "Mutanen nan ba su gama yarda da mu ba."

"Ni? Tun kina goye nake sanin abin sha."

Aka jera kwalabe, mai gida ya zuba wa Baba farar giya. Baba ya sunsuna, ya lumshe ido, amma bai sha ba. Ya miƙa wa mai gida kofin yana ta fara'a. A garinsu wanda ya zuba maka shi ke fara kurɓa a ƙwaryarka, ka san bai sa maka komai ba. Bature ya ɗauka an raina giyarsa, ya ajiye kofin, ya buɗe wata kwalbar. Baba ya sake miƙawa. Kunnuwan Bature suka yi ja. Uwar Jerry ta koma gyara furannin da ba abin da ya same su.

Ƙauna ta yi bayani da Turanci.

"Wato yana zaton guba zan ba shi?" in ji mai gida.

"Gaya masa," in ji Baba, "wanda ban yarda da shi ba, ba na shan ragowarsa."

Bature ya ɗauki kofin ya kurɓa, ya miƙo.

Daga nan fa sai wanda ya gani. Farar, in ji Baba, ɗanyen mangwaro ce da aka jiƙa a randa. Jar ta ɗaure masa harshe kamar kanyar da ba ta nuna ba, ya buga tebur. "Wannan ta san ciwon kanta! Goro ce a kwalba!" Mai zaƙin da ake sha bayan abinci kuwa, ya ce dabino da zuma ne suka haɗa baki su ruɗi tsoho. "A ba yara da fasto."

Ƙauna na fassarawa tana tsallake rabi, mai gida na cewa ta faɗi duka.

Suka tsaya a kan jar. Uwar Jerry ta bar furanninta, ta ɗauko kwalbar ta zuba, ta kurɓa, ta miƙa wa Ƙauna kofin.