Layin da Ya Makara

Shayinta ya huce a gefen kwamfuta, amma Dakta ba ta ɗauke ido daga layin awon da ke kan allon ba. A tasharsu ta lura da motsin ƙasa akwai na'urar da aka binne cikin dutse, tana auna yadda ƙasa ke miƙewa tana tsukewa kullum saboda jan da rana da wata ke yi mata, kamar ƙirjin mai barci. Kwanan nan numfashin ya canza. Layin yana makara, kuma yana hawa fiye da kima.

Ta kira ogansu. Ya daɗe yana kallo yana sosa ƙeya.

"Ƙila duwatsun ƙasa ne suka gaji, girgiza na tafe," in ji shi. "Ƙila kuma rijiyar burtsatsen da masu gidan kaji suka haƙa ce. A tambayi sauran tashoshi. Ba za mu tayar wa gari hankali a kan ƙila ba."

Ta san gaskiyarsa ce. Sai dai mahaifinta yana zaune a saman wani tsohon bene mai tsagaggen bango, wanda kowa ya tashi ya bar shi daga shi sai wani tela a ƙasa. Ana tashi daga aiki ta nufi can.

"Baba, jikokinka sun dame ni. Ka zo ka ɗan kwana mana biyu."

"Jikokin da sai an ƙwace musu waya suke gaishe ni?" Ya rage muryar rediyo. "Tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya sai kin gyara ɗankwali. Me injin naku ya ce?"

Ta sauke hannunta daga kai, ta faɗa masa komai, har da kajin.

"To, ni ba na tafiya in bar Tela bene ya faɗo masa. Da wa zan yi musun ƙwallo?"

"Baba, an ce kada mu gaya wa kowa."

"Wa zai gaya masa? Shi ma jikokina ne suke son ganinsa."

Da magariba maigidanta ya buɗe ƙofa, ya ga surukinsa da akwati, ga wani dattijo a baya rungume da kan keken ɗinki. Ya dubi matarsa, ya matsa gefe.

Sauran tashoshin ba su ga komai ba. A hankali layin ya koma daidai, ba wanda ya gano dalili. Lokacin Tela ya riga ya gyara labulayen gidan kaf, yaran kuma sun koyi musun ƙwallo.

"Baba, ina ga abin ya wuce," ta ce wata safiya. "Kuna iya komawa."

"Madalla. Kin ɗauki alkawari ƙasa ba za ta motsa ba?"

Dakta ta san duk cikin masu aikinsu babu mai iya ɗaukar wannan alkawari.

Da yamma ta biya ta kasuwa, ta sayo wa Tela katifa.