Ba a Ɗaure Tiyon Tururi da Roba

Duk wanda ya yi noman rani a fadamun Kiyawa ya san Barau da ɗaurin tiyo. In tiyon ban-ruwa ya huje, ba ya neman kowa. Sai ya bi shi da tafin hannu har ya ji inda ruwan ke tsartuwa, ya yanko roba daga tsohon tub ɗin tayar babur, ya naɗe tamau, a ci gaba da aiki. Shekara ashirin yana wannan. To, da wannan taƙamar ya shigo Dutse, ya samu aiki a wani kamfanin shinkafa a bayan gari, ɓangaren da ake turara ta kafin a kai inji.

Tururin daga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe yake fitowa, wadda suke ce wa boila, ya biyo baƙin tiyo mai kaurin damtse ya shiga tankin shinkafa. Mai kula da boilar Baba Mele ne, wani tsoho mutumin Haɗeja. Mutumin kirki ne, amma wallahi akwai mita! Kullum da safe sai ya bi tiyon nan da ido tun daga kai har gindi, yana faɗa: kada a taka shi, kada a lanƙwasa shi, in an tashi a tsiyaye ruwan cikinsa a rataye. Barau ya ji har ya ƙosa. A ransa cewa yake, wai yau ni za a koya wa tiyo?

Ran wata Laraba da hantsi, Baba Mele ya zagaya bayan boilar duba wuta, sai Barau ya ji wani siririn fito. Ya duba kusa da mahaɗar tiyon da boilar, ya ga tiyon ya yi ƙulu kamar maruru. Bawan Allah har murmushi ya yi, yau tsoho zai ga aiki. Ya zaro robarsa daga aljihu, don ba ya rabo da ita, ya tsuguna, ya miƙa hannuwansa biyu zai laluba inda hujin yake. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

"Kai! Barau!"

Bai san tsohon nan yana da gudu ba sai ranar. Ji kawai ya yi an finciko wuyan rigarsa an yi jifa da shi kan buhuna. Kafin ya tashi, tiyon ya yi bindiga. Wurin ya turnuƙe fari fat, tiyon na ta bulala a ƙasa, ma'aikata kowa ya yi ta kansa. Baba Mele kuwa ya kare fuska da hula, ya zura hannun hagu cikin tururin ya murɗe makunnin da ke rufe shi.

Aka yi ta kwarara masa ruwan sanyi, sannan aka sa shi a adaidaita zuwa asibiti. Barau ya zauna inda aka jefar da shi, yana ta juya hannuwansa. Ko ƙwarzane babu.

Sai wajen la'asar Baba Mele ya dawo, an naɗe masa hannu har gwiwa. Barau ya je ya durƙusa, yana jiran zagi.

"Baba, ka yafe mini. Ni na jawo maka."

"Tashi, ɗana," in ji tsohon. "Ni ma da laifina. Na yi ta ce maka kada, kada, ban taɓa gaya maka dalili ba. Tiyon gonarku in ya fashe jiƙa ka zai yi. Wannan dafa ka zai yi. Da ka ɗora hannun nan, da fatar a jikin tiyon za ka bar ta. In ka ga ya kumbura ko ya yi fito, rufe makunni, ka ja da baya har ya huce, a cire shi a sa sabo. Ba a yi masa ɗauri, ba a yi masa faci."

Barau ya ce, "Na gode, Baba." Ya faɗa ya fi sau biyar, kuma har zuciyarsa yake faɗa.

Aka kira salla. Baba Mele ya jawo buta da hannun dama, ya tsaya yana kallonta, don mai hannu ɗaya ba ya riƙe buta kuma ya wanke.

"To, gwanin tiyo," ya ce yana dariya, "zo ka zuba mini."

Barau ya karɓi butar da hannuwansa biyu lafiyayyu, ya tsuguna gaban tsohon yana zuba masa ruwa a hankali. Hawaye ya hana shi ganin inda yake zubawa, har sai da Baba Mele ya ce, "A hannu, Barau, ba a takalmi ba."